Sunan da Aka Liƙa wa Iya Habsu

Jiya da la'asar ina zaune gindin zana ina tsince wake, jikokina mata biyu suna rigima a kan salula. Babbar ta fizge ta ruga, ƙaramar ta bi ta tana dariya tana cewa, "Mayya kawai! Mayyar salula!" Ita ma wadda aka zaga dariya take, har da riƙe ciki. Uwarsu na wanke-wanke, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ni kuwa sai na ajiye faifan. Ban tsawata musu ba. Me zan ce musu? A bakinsu kalmar ba ta fi ɓawon gujiya nauyi ba. Yanzu akwai mayen shayi, akwai mayen balo, wato ƙwallo, wanda ya iya tuƙa moto ma maye ne. Amma ni na ga zamanin da kalmar nan guda take tayar da mace daga ɗakinta, ta raba ta da garin da ta binne mijinta da ƴaƴanta.

Ƙauyenmu na can cikin yashi tsakanin Tasawa da Mayahi, inda goriba ta cika kwarin gulbi. In na rufe ido har yau ina jin safiyarsa: luguden taɓarya daga wannan gida zuwa wancan kamar ana amsa wa juna magana, kukan jakai, da ƙarar igiya tana goga itacen bakin rijiya har ta yi masa zane. Rijiyar da zurfi, sai mata sun haɗa hannu suke fid da wasaki ɗaya. To, a wancan lokaci ba mu ɗauka mu kaɗai ke zaune a garin ba. Muna da maƙwabta da ba a gani, kuma ana zama da su da kunya da kara, kamar yadda ake zama da surukai. Ba a watsar da ruwan zafi a tsakar gida sai an yi bisimilla an ce a gafara, kada a ƙona ɗan wani. Ba a ratsa gindin tsamiya da rana tsaka. In guguwa ta taso tana juya kara da ganye, sai a kauce a ba ta hanya, matafiya ne. Dukanmu Musulmi ne, babana ba ya wasa da salla, amma kakannin kakanninmu Anna ne masu tsafi, kuma abin da suka bari a bakin mutane bai gama bushewa ba.

Wadda ta koya mini sunayen maƙwabtan nan ita ce Iya Habsu, matar wan babana. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, mai saurin dariya. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ƴaƴan da ta haifa kuwa ba wanda ya kai yaye. Da ta fita takaba ta ɗaure kayanta za ta koma wajen danginta, babana ya tsaya bakin zaure ya ce, "Ɗakin yayana ba ya zama kango ina da rai." Sai ta kwance kayan. Da aka tashi yaye ni ɗakinta aka kai ni, ban kuwa sake fitowa ba. A bayanta na yi barci, a ƙwaryarta na sha hura, ita ta koya mini tsarki da alwala. Ita da mahaifiyata, Dije, ba ka ce matan wa da ƙane ne ba. Turminsu ɗaya, murhunsu ɗaya, kitson kowace a cinyar ƴar'uwarta ake yinsa. Mahaifiyata kuwa Yaya take ce mata.

Shekarun nan ne gujiya ta yi daraja, wadda wasu ke ce wa gyaɗa. Nasara sun tafi, an ɗaga sabuwar tuta a Tasawa, kowa ya faɗa daji da gatari yana ƙara gona. Da kaka kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, ke zuwa suna kwasar buhuna, maza na komowa da atamfa da fitilar ƙwai, wani har da keke. Mu mata da yara aikinmu ɓara. A zube ta tuli a inuwar gawo, mu kewaye ta tun hantsi har yatsu su yi kanta. A nan Iya ke buɗe baki, yaran unguwa su taru kamar ƙuda a kan zuma, uwayensu ma suna kasa kunne suna yi kamar ba su ji.

Ba ta cewa aljanu kai tsaye. "Wannan sunansu ne na cikin Littafi," in ji ta, "gaskiya ne kuwa. Amma wanda kuke kwana gari ɗaya da shi ba ka kiransa gatsau. Mutanen ɓoye ake cewa, ko iskoki." Ta ce akwai na gida akwai na daji, akwai farare masu salla, akwai baƙaƙe da ba su san gafara ba. Doguwa kam ko Iya ba ta faɗin sunanta sai ta rage murya, ta fi ce mata Inna ko Bafilatana, mai shanye wa mutum hannu in ya taɓa abin da ke nata. Ta ba mu labarin Uwar Gona, wadda kakanni ke fid da rabonta kafin dami ya shiga rumbu, da Kure, da Sarkin Rafi mai zama inda ruwa ke kwana. In hadari ya haɗu ya watse, bakan nan mai launi-launi ya fito, sai ta nuna da haɓa ta ce Gajimare ne ya fito daga tsohuwar rijiya ya shanye mana ruwa. Wata rana wani yaro ya ce, "Iya, Dodo fa?" Ta yi dariya har gujiya ta zube daga cinyarta. "Dodo ai na tatsuniya ne, aikinsa hana ku leƙa rijiya." Fatalwa ma ta ce ba iska ba ce, mutum ne da ya mutu bai samu kwanciya ba. Har baƙin iskoki ta sani, Babule, waɗanda aka ce tare da Nasara suka zo, masu tafiyar soja da tsawa. Da wata ta tambaye ta ko su ma sun bi iyayen gidansu, sai ta ce, "Wa ya gaya miki iska na shiga mota? Suna nan, sai dai su koyi cin tuwon hatsi."

Ran nan wata ƙawata ta ce, "Iya, maye kuma wane irin iska ne?" Sai na ga ta daina ɓara. Ta ce, "Wanga ba iska ba ne, ɗiyata. Mutum ne, mai kama kurwar ɗan'uwansa ya ɓoye har mai ita ya bushe. An ce akwai su. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ce shi ne ba, sai wanda aka ce." Ta ci gaba da aikinta, ranar ba a sake labari ba.

Yau jikokina kalma ɗaya gare su, aljani, sauran kuwa in na faɗa sai su ce shirka ce ko kuma abin cikin fim. Ban ce a koma yanka wa tsamiya akuya ba, Allah ya kiyashe mu. Amma a da yaro ya san duniya ba tasa ba ce shi kaɗai, yana taka ƙasa a hankali. Yanzu tsamiyoyin an sare, gonakin sun haɗe baki da baki, ko wurin da iska za ta raɓe babu. Wani lokaci ina kwance sai in riƙa jera sunayen a zuci, kamar mai ƙirga dangin da suka mutu, in ga wanda na manta.

Ina da ƙane, autanmu, Nomau, an haife shi ana tsakar noman fari. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyata. Ya ma fi ni manne wa Iya. Tun da ya iya tafiya yake riƙe da gefen zanenta, rijiya, gona, wajen daka, duk inda ta sa ƙafa. In tana matsar mai ta kan murza masa ƙuli ƙanana daidai bakinsa. Ba ya barci sai hannunta na bayansa. In na zauna a cinyarta da wasa sai ya ture ni ya ce, "Iya tawa ce!" Mahaifiyata ta yi dariya ta ce, "Ni dai wahalar haihuwa kawai aka bar mini."

Wata shekara bayan kaka mai albarka, ina budurwa har an fara zancen aurena, baƙon dauro ya shigo garin tare da ƴan kasuwa. Shi ma ba a kiransa da suna, baƙo kawai ake cewa. Likita na Tasawa, tafiya ce mai nisa a jaki, kuma ba wanda ke fid da yaro mai baƙo cikin iska. Yara suka fara faɗuwa. Yau a fita da ɗan ƙaramin likkafani daga wannan gida, jibi daga wancan. Luguden safe ya mutu, kowace mace tana daka ita kaɗai kamar mai tsoron a ji. Wasu tsofaffi suka ce dajin da aka sare ne, an tashi masu wurin ba sallama. Amma waɗanda suka sare dajin su ne masu cikakkun rumbuna, ba wanda ke son wannan amsar. Ana cikin haka wani baƙon mutum da ya biyo kasuwar kaka yana sayar da layu da turare ya ce shi yana ganin mayu. Ya ce, "Ku kasa kunne ga bakin yaran. Wanda aka kama wa kurwa, shi ke faɗin sunan wanda ke riƙe da ita."

Sai Nomau ya kwanta. Jikinsa kamar garwashi, idanu suka kumbura suka liƙe. Iya ba ta motsa daga gefensa sai in za ta dafa masa magani ko ta yi salla. Da ta fita kuwa sai ya shiga kira, cikin zafin zazzaɓi, "Iya! Iya Habsu!" Wa zai kira in ba ita ba? Amma matan da suka zo dubiya suka ji, wannan ta dubi wannan. Kafin rana ta faɗi maganar ta zagaye gari. Aka tuna uwarta ƴar bori ce. Aka tuna ƴaƴanta ba wanda ya rayu, mijinta ma ya tafi. Aka ce in ba tana cikinsu ba, ina ta san sunayen nan duka? Matan da ke faɗin haka su ne waɗanda ƴaƴansu suka girma a inuwar gawon nan, wasu ma ita ta yi musu wankan jego.

Na farko da ya kawo maganar zaure, babana ya kore shi da sanda. Liman ma ya ce zato zunubi ne, cuta da mutuwa na Allah ne. Amma wanda ya binne ɗansa jiya ba ya jin wa'azi yau. Ciwon Nomau kuwa sai ƙara nauyi yake, numfashinsa na ƙara kamar ana jan zarto. Wata safiya da hantsi mutane suka cika ƙofar gidanmu, mai layun nan a gaba. Suka ce abu ɗaya suke so, Iya ta fito ta tsallake yaron, don an ce in mayya ta tsallake wanda ta kama, kurwarsa na komowa.

Ina ɗaki tare da ita, tana zaune bakin gado hannuwanta a cinya, sai mahaifiyata ta shigo. Ta rame, leɓunanta sun tsage, ba ta ci ba ta sha tun da yaron ya kwanta. Ta zube ƙasa ta kama ƙafafun Iya.

"Yaya," ta ce. "Ni ban ce ke ce ba. Wallahi ban ce ba, ba ni kuwa cewa har in mutu. Amma shi ke nan gare ni. In akwai dama ko kamar ƙwayar hatsi... Yaya, ki tsallake mini shi."

Iya ta daɗe tana dubanta. "Dije, kin san abin da kike roƙona? In na tsallake, na amsa sunan. In ya tashi su ce na sake shi. In bai tashi ba su ce na ƙi saki."

"Na sani," in ji mahaifiyata, tana kuka ba sauti.

"To, tashi. Kar ki durƙusa mini. Tare muka yi naƙudarsa."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Nomau. Mutane suka shigo, wasu suka hau kan danga. Mai layun ya ce sai ta cire mayafi da kallabi. Ta cire, furfurarta a waje gaban maza, matar da ko babana bai taɓa ganin kanta ba. Ta yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji. Da ta ɗaga ƙafa bisa kansa, yaron ya buɗe idanun nan da suka kumbura, ya dube ta daga ƙasa, ya fashe da kuka. Ta dai tsallake, ta juyo ta sake. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ta amsa! Kun gani, ta amsa!" Hoge ya faɗo kusa da ita, wani ya same ta a kafaɗa. Babana ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya keta danga ta baya ya fita da ita zuwa bukkarmu ta gona. Na bi su, ya juyo ya ce, "Koma wajen uwarki."

Nomau bai kai Juma'a ba. Ba a bar Iya ta zo ko gaisuwa ba.

Ta zauna a bukkar nan, ni ke kai mata hura. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai ta daina dariya, in na zauna kusa da ita ta kan matsa. A gari kuwa ƙawayena suka daina sa hannu ƙwarya ɗaya da ni. Dangin saurayin da nake so, wanda shi ma yake sona, suka fara ja da baya, wai yarinyar da ta tashi a ɗakin mayya wa ya san abin da aka ba ta a hura. Ban gaya wa Iya ba, amma magana ba ta buƙatar ɗan aike. Wata safiya na iske bukkar a share, tabarma a naɗe an jingine, ba kowa. Babana ya hau jaki ya bi sawu, ya cim mata a hanyar Kanan Bakashe da ɗan ƙunshinta a ka. Shi ya ba mu labari. Ya roƙe ta, ya ce in gari ya ƙi ta, shi ma ya tashi da iyalinsa. Ta ce, "Abdu, ka riƙe amanar yayanka, Allah ya biya ka. Amma in ina nan yarinyar nan ba ta aure. Koma gida." Ya komo shi kaɗai ya zauna a zaure. Ranar na fara ganin hawayen babana.

Kasuwar kaka ta watse, mai layun ya ɗaure jakarsa ya yi gaba. Baƙo ma da ya gama abin da ya kawo shi ya tafi, kamar yadda yake tafiya kowane zuwa, bayan ya ɗauki wasu yaran alhali Iya ba ta ma garin. Ba wanda ya zo ya ce an yi kuskure. Aka dai daina zancen. Mahaifiyata ta daɗe kanta a tsefe, ta ƙi bari kowa ya yi mata kitso. Aka yi aurena, aka kai ni wani ƙauye wajen Mayahi.

Bayan shekaru, gujiya ta fara faɗuwa, ruwan sama ya fara ƙaranci, na bi maigidana kasuwar Kanan Bakashe za mu sayar da akuya, ina goye da ɗana na biyu. Can gefen kasuwa, bayan masu itace, na hangi wata tsohuwa zaune ita kaɗai, gabanta igiyoyi da faya-fayan kaba. Ta ƙanƙance, wushiryar ta zama giɓi, amma zaman nata na gane. Sunan ya riga ta isa can, shi ya sa ba ta sayar da abin da ake ci. Na durƙusa gabanta na ce, "Iya." Ta ɗago ta dube ni. Na kwance goyon da sauri na miƙa mata. Sai ta mai da hannuwanta baya.

"A'a, ɗiyata. Kasuwa idanu gare ta. In ya yi atishawa gobe, ke za su dama."

Ta leƙa fuskarsa daga inda take, ta daɗe tana kallo, ta ce goshin babana ne. Ta tambayi babana, ta tambayi rijiya ko tana nan da zurfinta. Ta ce, "Dije fa? Tana cin abinci? Ki ce mata ban riƙe ta ba. Ko ni ce, da na roƙa." Na ce ta zo mu tafi gidana, maigidana mutumin kirki ne. Ta girgiza kai kawai. Ganina da ita na ƙarshe ke nan, don damina biyu bayan haka labarin rasuwarta ya iske ni, an riga an binne. Amma kafin in tashi a ranar, ta kama bakin mayafina da yatsu biyu, ta rage murya.

"Ina da tambaya, ki gaya mini gaskiya. Ranar nan da na ɗaga ƙafa bisa kansa, ya buɗe ido ya gan ni ya yi kuka. Kullum shi nake gani. Na ce ko ya ji abin da ake faɗi, tsorona ya kama shi. Bayan an hid da ni, ya sake kirana?"

Na gaya mata. Na ce bai daina ba har muryarsa ta dushe. Na ce in mahaifiyata ta kawo ludayi bakinsa sai ya kau da kai ya ce Iya za ta ba shi. Na ce har asabari muke saukewa kada maƙwabta su ji. Na ce ko a ranar ƙarshe, duk motsin da ya ji a bakin ƙofa sai ya miƙa hannuwa biyu sama.

Ta saki mayafina. Fuskarta ta ɗan saki, ta ce, "Alhamdu lillahi, bai ji tsorona ba ke nan." Sai kuma ta mai da ido kan igiyoyin da ke gabanta.

"Hannuwa biyu," ta ce. "Haka yake yi in yana son goyo. Ashe so yake in ɗauke shi, ɗiyata. Ni kuwa na tsallake shi na wuce."